Makarantar Gumagumai ta Little Greenbrier: Tambayoyi da Amsoshi

A cikin duwatsun gabashin jihar Tennessee ta Amurka akwai wani ɗaki guda na gumaguman itace da yaran ƙauye suka yi karatu a cikinsa sama da shekara hamsin. Ƙauyen ya tashi tuni, daji ya cinye gonakinsa, amma ɗakin yana nan tsaye da bencinansa. Ga amsoshin abubuwan da mutane suka fi tambaya a kansa.

Wace makaranta ce wannan, kuma a ina take?

Sunanta Makarantar Little Greenbrier, sunan ƙauyen da ya gina ta ke nan. Tana cikin gundumar Sevier, a ɓangaren arewa na gandun dajin ƙasa na Great Smoky Mountains (wato manyan duwatsu masu hayaƙi), tsakanin garuruwan Gatlinburg da Townsend, kusa da wurin shaƙatawa na Metcalf Bottoms da ke bakin kogin Little River. An fara karatu a cikinta ranar 1 ga Janairu, 1882, aka ci gaba har 1936. A 1976 gwamnatin Amurka ta sa ta a kundin wuraren tarihi na ƙasa.

Faɗinta ƙafa 20, tsawonta ƙafa 30, wato kamar mita 6 da mita 9. Ba ofishin hedimasta, ba ɗakin malamai, ba aji na biyu. Ƙofa, tagogi, bencina, da baƙin allo a bangon gaba, shi ke nan.

Kada a rikita ta da wani yanki mai suna Greenbrier da ke gabas da Gatlinburg cikin gandun dajin nan dai. Wurare biyu ne daban, da tazara mai yawa a tsakaninsu, kuma baƙi kan yi ɓatan kai saboda kamar sunan. Duka biyun sun samo sunan daga wata ciyawa mai yaɗo da ƙaya, irin sarƙaƙiya, da ta cika kwarurukan.

Me ya sa ake ce wa duwatsun masu hayaƙi?

Saboda wani shuɗin hazo da ke lulluɓe su kusan kullum. Ba wuta ba ce. Tururi ne da ɗimbin itatuwa ke fitarwa, ya haɗu da laimar iska, sai ya yi kama da hayaƙi daga nesa. Ƙololuwar da ta fi tsawo ta kai mita 2,025, kuma a 2024 aka mayar mata da sunanta na harshen Cherokee, 'yan asalin yankin, wato Kuwohi.

Gwamnati ce ta gina ta?

A'a, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Mutanen ƙauyen ne suka nemi hukumar gunduma ta ba su makaranta, hukumar ta ce ita malami kawai za ta iya biya, gini kuwa ya rage nasu. Suka ce sun ji sun gani. Gilbert Abbott ya ba da fili, Ephraim Ogle ya ba da itatuwa, aka sa shanu suka jawo gumaguman zuwa wurin, maza suka taru suka sassaƙe suka ɗora. Cikin waɗanda suka yi aikin har da John Walker, wanda za mu dawo kan 'ya'yansa mata a gaba. Malamin farko shi ne Richard Perryman.

Aikin gayya ne tsantsa. Mutanen waɗannan kwaruruka ba su da kuɗi a hannu sosai. Masara suke nomawa, su kiwata aladu da tumaki da kaji, su shanya tuffa da wake don hunturu, su saƙa tufafinsu da kansu. Abin da suke da shi a wadace itace ne da ƙarfin damtse, shi suka ba da. Mai karatu ya lura da wannan rabon aiki, gini daga jama'a, albashi daga hukuma, domin shi ya sa mutanen suke kallon ɗakin a matsayin nasu, kuma shi ya sa rabuwa da shi ta yi ciwo daga baya.

Yaya ake tsayar da bangon gumagumai ba siminti ba tubali?

Sirrin yana kusurwa. Da farko a sare itacen, a kwantar da shi, a bi shi da faffaɗan gatari a sassaƙe gefe biyu har su yi shafal, ya zama kamar katako mai kauri ƙwarai. Sannan a yi wa bakin kowane gungume wani yanka mai gangara da ke buɗewa kamar wutsiyar kurciya (da haka ma masu sana'ar ke kiransa). Idan aka ɗora gungumen wannan bango a kan na wancan, yankan biyu sai su cije juna. Nauyin da ke sama yana ƙara danne su, saboda haka bangon ba ya buɗewa waje, kuma kusurwar ba ta buƙatar ƙusa. Gangarar yankan tana da wani amfanin na biyu wanda ya fi na farko muhimmanci a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa: ruwa ba ya kwanciya a cikin mahaɗar, zurarewa yake yi waje. Ruɓewar irin wannan gini daga kusurwa take farawa, don haka magini da ya iya yankan nan ya saya wa ɗakinsa shekaru masu yawa.

Ratar da ta rage tsakanin gungume da gungume kuwa, a cusa mata guntayen itace ko duwatsu, a yaɓe da laka. Wannan yaɓen ba ya daɗewa, sai ana sabunta shi, kamar yadda ake sake yaɓen ginin ƙasa kafin damina. Ana ɗora ginin a kan duwatsu don kada itacen ya taɓa damshin ƙasa. Rufi kuma da ƙananan fallayen itace ake yi, waɗanda ake tsagawa da hannu, galibi daga itacen oak, a jera su suna hawa kan juna kamar ɓawon kifi.

Itacen da aka yi bangon Little Greenbrier da shi ana ce masa tulip poplar. Yana tashi sambal, ba karkata, yakan yi nisa sama kafin ya yi reshe, ga sauƙin sassaƙa. Wasu gumaguman bangon faɗinsu ya kai inci 25, sama da santimita 60, shi ya sa 'yan kaɗan ne aka jera bango ya kai tsawonsa. Duk wanda ya tsaya ya auna ɗaya da hannunsa zai gane girman itatuwan da ke dajin kafin kamfanonin katako su shigo.

Salon ginin kansa ba a wurin aka ƙirƙire shi ba. Mutanen Suwidin da Finlan ne suka fara kawo shi Amurka a ƙarni na 17, Jamusawa suka zo da nasu, sai baƙin da suka fito daga Sikotilan da arewacin Ailan suka koya suka gangara da shi kudu cikin jerin duwatsun Appalachia, wanda waɗannan duwatsu ke cikinsa.

Malami ɗaya yana iya riƙe ɗan shekara shida da ɗan shekara sha biyar a ɗaki ɗaya?

Da dabara, da kuma bulala in ta kama. Tsarin da aka saba a makarantun ɗaki guda na Amurka shi ne ƙanana a gaba, manya a baya. Malam zai kira rukuni ɗaya su fito gaba su biya masa karatunsu na 'yan mintoci, sauran suna zaune suna aikin da aka ba su a kan ƙananan allunan dutse. Da sun gama sai su koma, wasu su taso. Haka za a yi ta juyawa har a tashi. Manyan yara su ne mataimakan malam: su duba wa ƙanana, su ɗebo ruwa a rafi, su faskara itacen hura wuta. Ƙaramin yaro kuwa yana jin darasin manya tun shekaru kafin ya kai shi, in ya kai sai ya tarar kunnensa ya riga ya saba.

A tsoffin makarantun duwatsun nan akwai wata al'ada ta karatu da ƙarfi, kowa yana maimaita nasa darasin a lokaci guda, har Amurkawa suka laƙaba musu sunan makarantun surutu. Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya zauna a irinsu yana yaro. Wanda ya taɓa wucewa ta gefen makarantar allo da asuba ba ya buƙatar a kwatanta masa wannan sauti, kuma dalilin ɗaya ne: littafi ya yi ƙaranci, takarda ta yi tsada, malami kuma da kunne yake gane wanda ya daina karatu.

Ba na so in yi wa abin kwalliya fiye da kima. Malaman irin waɗannan makarantu da yawansu matasa ne da iliminsu bai zarce na manyan ɗalibansu da nisa ba, albashin kaɗan ne, ba su cika daɗewa a wuri ɗaya ba, wani lokaci a gidajen iyayen yara suke kwana su ci. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan ƙure abin da ke ɗakin da wuri, ya rasa gaba.

Me ake koyarwa?

Karatu, rubutu, lissafi, da haɗa baƙi. A kan waɗannan akan ɗora ɗan tarihi da labarin ƙasa. Littattafai biyu ne suka mamaye makarantun karkarar Amurka a ƙarni na 19: littafin haɗa baƙi na Noah Webster mai shuɗin bango, wanda ya fara fitowa a 1783, da jerin littattafan karatu na McGuffey da suka fara fitowa a 1836. Gasar haɗa baƙi babban abu ce a ƙauyuka, iyaye ma sukan zo kallo.

Wata nawa ake yi a shekara?

Kaɗan. A ƙarshen ƙarni na 19 zangon karatu a makarantun duwatsu bai cika wuce wata biyu ko uku ba, domin iyakar kuɗin da gunduma ke da shi na biyan malami ke nan, kuma gona tana buƙatar hannun yara lokacin shuka da kaka. Daga baya zangon ya ƙaru. Sai a 1913 ne Tennessee ta yi dokar tilasta zuwa makaranta a faɗin jihar, shekara talatin da ɗaya bayan mutanen Little Greenbrier sun gina tasu ba wanda ya tilasta musu. Wasu yaran daga kwarurukan maƙwabta suke takowa, tafiyar mil da dama a ƙasa, su tsallake ƙoramu, da abincin rana a ɗan bokiti.

Me kaburbura suke yi a gaban makaranta?

Ɗakin coci ne kuma. Mabiya wata ɗarikar Kirista da ake kira Primitive Baptist suna ibada a cikinsa, su ne kuma suka kafa maƙabartar da ke daura da shi. Ƙauyen da da ƙyar ya gina ɗaki ɗaya na jama'a ba zai bar shi a kulle ranar Lahadi ba. Duwatsun kan kaburburan da yawa ba rubutu a jikinsu, dutsen fili ne kawai aka kafa, kuma kaburburan jarirai da ƙananan yara suna da yawa, shaidar zamanin da likita ke da nisa. Dangin mamatan suna zuwa ziyara har yanzu, saboda haka a shiga da natsuwa.

Kowane yaro ne ke iya shiga?

A'a. Kundin tsarin mulkin Tennessee na 1870 ya hana haɗa yaran farar fata da na baƙar fata a makaranta ɗaya, kuma haka aka zauna har bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1954 da ya haramta raba yara a makarantu saboda launin fata, lokacin an daɗe da rufe wannan ɗaki. Ƙasar ma da aka gina shi a kanta ta mutanen Cherokee ce a da. Yarjejeniyoyi suka yi ta zaftare musu ƙasa, sannan a 1838 sojoji suka kora mafi yawansu zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka tsira a duwatsun su ne kakannin al'ummar Cherokee da ke zaune yau a ɓangaren Karolina ta Arewa, a bakin gandun dajin.

To me ya sa aka rufe ta?

Gandun dajin ne ya rufe ta. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin katako sun far wa duwatsun, har kamfanin Little River Lumber, wanda aka kafa a 1901, ya shimfiɗa layin dogo a kwarin kogin don kwashe gumagumai zuwa injinansa a Townsend. Ganin dajin zai ƙare, wasu masu faɗa a ji a biranen Knoxville da Asheville suka tashi neman a mai da wurin gandun ƙasa, suna kuma hangen kuɗin masu yawon buɗe ido. Majalisar dokokin Amurka ta amince a 1926, da sharaɗin jihohin biyu, Tennessee da Karolina ta Arewa, su sayi ƙasar da kansu. Aka yi ta tara gudummawa, har yaran makaranta suka ba da 'yan kwabbansu, attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ƙara dala miliyan 5 don tunawa da mahaifiyarsa. An kafa gandun a 1934, Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1940.

Matsalar ita ce da mutane a ciki. Manyan gandayen yammacin Amurka galibi a kan filin da ke hannun gwamnati aka shata su, wannan kuwa sai da aka sayi filaye sama da 6,000 ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun karɓi kuɗi da murna, suka koma inda ƙasa ta fi albarka. Wasu kotu ce ta raba su da gadonsu. Wasu tsofaffi aka bar su su ƙarasa rayuwarsu a gidajensu, amma da dokokin da suka hana farauta da sarar itace yadda aka saba, wanda ga manomin dutse kusan daidai yake da kora. Gida bayan gida Little Greenbrier ya watse, yaran da za su cika bencina suka ƙare.

Ga abin da nake gani game da wannan. Da ba a kafa gandun ba, da wuya ɗakin ya kai yau, domin dubban irinsa a faɗin Amurka sun zama rumbun ciyawa ko sun ruɓe bayan an haɗe ƙananan makarantu an kawo motocin ɗaukar yara. Hukumar da ta tashi ƙauyen ita ce ke gyara rufin yanzu. Kuma ba komai ta adana ba. A shekarun farko ta fi son gine-ginen gumagumai saboda sun dace da hoton mutanen dutse na da can, gidajen katako na zamani da yawa kuwa aka rushe su. Baƙon da ya zagaya gandun zai iya ɗauka cewa a 1930 mutanen suna rayuwa irin ta 1830, alhali akwai shaguna, akwai jirgin ƙasa, akwai masu aikin albashi a kamfanin katako.

Su wane ne 'yan matan gidan Walker da ake yawan haɗa su da makarantar?

'Ya'yan John Walker ne, wanda ya yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren Arewa, ya auri Margaret Jane King a 1866, suka haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, bakwai mata. Ɗaya ce kawai cikin matan ta yi aure, Sarah Caroline. Nancy ta rasu a 1931. Sauran biyar, Margaret da Polly da Martha da Louisa da Hettie, suka ci gaba da zama a gidan mahaifinsu da ke sama da makarantar, suna noma, suna kaɗi da saƙa, suna yi wa kansu komai.

Da jami'an gandun suka zo sayen gonar, suka ƙi. An kai ruwa rana shekaru kafin su yarda su sayar da eka 122 da ɗoriya a kan dala 4,750, jim kaɗan bayan bikin Roosevelt, da sharaɗin ba mai tashinsu sai mutuwa. A 1946 mujallar Saturday Evening Post ta buga labarinsu, baƙi suka fara tururuwa. Matan suka mai da abin sana'a: soyayyen burodi mai tuffa a ciki, kayan saƙa, da waƙoƙin da Louisa ke rubutawa da hannu. A 1953, da tsufa ya kama Margaret da Louisa, su biyun da suka rage a gidan, suka roƙi a cire allon da ke yi wa baƙi maraba. Margaret ta rasu a 1962, Louisa a 1964. Gidan da rumbun masara da ɗan ɗakin da ke kan idon ruwa suna nan, tafiyar mil ɗaya da 'yan kai daga makarantar.

Irin wannan makaranta tana da yawa a Amurka?

Wajen 1919 akwai makarantun ɗaki guda kusan 190,000 a ƙasar. Na gwamnati da suka rage suna aiki yau 'yan ɗaruruwa ne, mafi yawa a jihohin yamma masu faɗi da ƙarancin jama'a, ban da waɗanda al'ummar Amish, wasu Kiristoci masu gudun kayan zamani, ke gudanarwa da kansu. A cikin gandun nan akwai wata tsohuwar makarantar, Beech Grove, a kwarin Cataloochee, wadda aka gina a 1901, amma ita ɗaki biyu ce kuma ta katakon inji.

Yaya ake zuwa, kuma ana biya?

Babban filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Knoxville. Daga Metcalf Bottoms akwai hanyar ƙafa da ba ta kai mil ɗaya ba, ta bi cikin daji da ɗan hawa ta ɓulla wajen makarantar. Akwai kuma siririyar hanyar tsakuwa da mota ke bi har kusa da ƙofa, amma ana rufe ta da hunturu, kuma mota biyu ba sa giftawa cikin sauƙi. Shiga gandun kyauta ne, abin da ya bambanta shi da yawancin manyan gandayen Amurka, sai dai tun Maris na 2023 duk wanda zai ajiye mota fiye da minti 15 sai ya sayi takardar ajiye mota. Shi ne gandun ƙasa da aka fi ziyarta a Amurka, mutum sama da miliyan 12 a 2024, don haka a watan Oktoba, lokacin da ganyaye ke rinewa ja da ruwan ɗorawa, gara a yi sammako.

Ana barin mutum ya shiga ciki?

Ana bari. Mutum zai iya zama a benci, ya dubi allon, ya shafa sawun gatari a jikin bango. A wasu lokutan shekara masu aikin sa kai kan zauna a wurin su nuna wa baƙi, musamman yaran makaranta, yadda darasi yake a da. Abin da aka hana shi ne rubutu ko sassaƙa suna a jikin itacen, laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma bangon ya riga ya sha wahala a hannun masu yin haka. Ba a ɗaukar komai, ko dutse ko tsohon ƙarfe da aka tsinta a daji. Babu wutar lantarki, ciki da ɗan duhu ko da rana tsaka, kuma sabis na waya yakan ɗauke a kwarin.

Akwai namun daji masu haɗari a hanya?

Akwai baƙar dabbar beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata, da yawa a gandun, kuma doka ta hana matsawa kusa da ita ƙasa da yadi 50, wato kamar mita 45. Kada a ba ta abinci, kada a bar ragowar abinci a fili, domin wadda ta saba da abincin mutane takan zama fitina har a kai ga kashe ta. In an haɗu da ita a hanya, a ja da baya sannu a hankali ana fuskantarta, ba a gudu. Akwai kuma macizai masu dafi iri biyu, masu son tsoffin tarin duwatsu irin waɗanda manoman ƙauyen suka bari a gefen gonakinsu, saboda haka a duba kafin a sa hannu ko a zauna.